Ɓawon Farce a Kek ɗin Malama

Akwai laifin da ba da hannu ake yinsa ba, da rufe baki ake yinsa. Ki yi ɓarna, a kama wani da ita a gaban idonki, ke kuwa ki sunkuyar da kai kina gyara mayafi kamar ba ki san zancen ba. Shi na yi. Sau huɗu ana buɗe min ƙofa in faɗi gaskiya, sau huɗu ina mayar da ita in rufe da hannuna. Saboda haka wadda ta shigo nan da niyyar tausaya min ta riƙe tausayinta, kunne kawai nake so.

Ni ce ƙarama a gidanmu, kowa Auta yake kirana. Yayata, 'yar farin Umma, tana aure tafiyar minti goma daga gidanmu. Kek take yi na sayarwa, shekara shida ke nan, ɗaki guda ta ware a gidanta don aikin. Mai nemana kuwa gyaran waya yake yi, ni na laƙaba masa Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi har abokansa suka ɗauka. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa gidanmu, har Umma ta fara ƙorafi.

"Wannan yaron kujerar falo zai cinye mana, ko magana zai kawo?"

"Umma, ya ce sai mahaifiyarsa ta ajiye aiki."

"To ai ga shi ta ajiye. Mu gani."

Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, shekara talatin da biyar tana riƙe da alli, kowa Malama yake ce mata. Ranar Asabar za a yi mata liyafar ajiye aiki a gidanta, kuma Injiniya ya yi min alkawari da bakinsa cewa Asabar ta sama manyansa za su zo gidanmu. Da Yaya ta ji, ta ce kek ɗin liyafar nata ne, hawa uku, kyauta.

"Bari matar nan ta ɗanɗani hannun gidanmu tun kafin ki shiga nata," in ji ta. "Amma za ki zo ki taya ni da safe, kar ki ce ban gaya miki ba."

Ranar Juma'a da rana saƙona ya iso. Wata ƙawata ce take sayar da kayan kwalliya a waya, na daɗe ina kallon wani jan farce da take ɗorawa. Kwanakin ina fashin salla, na ce ga dama ta samu. Kwalba uku ne. Ɗaya baƙi wuluk. Ɗaya ruwa ne garai da ɓarɓashin zinare yana yawo a ciki. Na ukun kuwa, wanda ta ce sunansa holo, da na ɗaga shi na ga wani abu toka-toka kamar ruwan wankin tukunya. Na ce shi ke nan, ƙawata ta yi min sakiyar da ba ruwa.

Ta turo min murya: "Ki shafa siriri, ki bar kowane ya bushe sarai kafin ki ɗora wani a kai. Auta, na san ki da garaje, ki ji abin da na ce."

Na ji. Ban ɗauka ba.

Na kulle ɗakina, na shimfiɗa tsohuwar jarida a kan gado, na shafa holo ɗin a babban yatsa. Toka. Na ja tsaki, na miƙa hannu ta taga zan yar da auduga, rana ta sauka a kan farcen.

Wallahi sai da na ja da baya.

Kore ya taso, ya gudu, shuɗi ya biyo shi, ja ya keto ta gefe, ruwan goro, ruwan hoda, duk a kan farce ɗaya. In na karkata yatsa sai launukan su zube gefe guda kamar ruwa a faranti. Na dawo da hannu cikin ɗaki, toka. Na sake miƙawa, bakan gizo. Na fi minti biyar ina shiga da fita da hannu ta taga kamar wadda aka yi wa asiri.

Daga nan hankali ya bar ni. Na gwada shi a kan baƙin, ya ƙara zurfi, launin ya yi kamar yana fitowa daga ƙasan rijiya. Na gwada zinaren a ƙasa holo a sama, ya dame ya zama taɓo, na goge. Na gwada zinaren a bakin farce kawai, ya yi kyau, sai na ce in kaɗan ya yi kyau ai da yawa zai fi. Kowane gwaji in ɗauki hoto in tura wa Injiniya.

"Wannan kamar bayan faifan sidi," ya rubuto.

"Ba ka san kwalliya ba. Jira ka ga na gaba."

Na tura baƙi da holo. Ya ce, "Wannan ya yi. Tsaya a nan."

Na ƙara holo hawa na biyu, na tura. Na malala zinare a kai, na tura.

"Auta, farce kike shafawa ko bene kike ginawa? Hawa nawa ke nan?"

"Huɗu. Baƙi, holo, holo, zinare."

"Allah ya sa harsashin ya ɗauka."

Na tura masa fuskar dariya. Ban bar ko ɗaya ya bushe ba, ina hura masa iska da baki sau biyu in ɗora na gaba. Da na gama yatsu goma kowane farce ya yi tudu, in na danna sai ya lotsa kaɗan ya dawo.

Umma ta buga ƙofa. "Wane wari ne wannan kamar ana fentin mota?"

"Maganin sauro na fesa, Umma."

"Da tsakar rana?"

"Sun yi yawa ne."

Ku lura, tun daga nan harshena ya fara santsi. Har na kwanta hannuna na cikin hijabi in zan gifta ta gabanta.

Da safe ina wanke fuska na tuna dokar Yaya. Ɗakin aikinta ba a shiga da zobe, ba a shiga da awarwaro, ba a shiga da turare, balle jan farce. A bakin ƙofa take tsayawa ta ce, "Hannu," ka miƙa ta juya shi ciki da baya kamar mai sayen kaza. Mijinta ma ba ya tsallake wannan.

Na ɗauko ruwan goge farce da auduga. Na goga, audugar ta yage ta manne a kan zinaren. Na sake gogawa, ko gezau. Ɓarɓashin nan ya kama kamar yashi a siminti. Na kira ƙawata.

"Mai ƙyalƙyali ba a goge shi haka, jiƙa shi ake yi. Ki ɗora auduga a jiƙe, ki naɗe kowane yatsa, ki zauna minti goma sha biyar."

"Ba ni da minti goma sha biyar!"

"To ki tafi da abinki, ai ya yi kyau."

Kiran Yaya na uku yana shigowa. Na tsoma yatsuna cikin murfin kwalbar ɗaya bayan ɗaya, na ɗan lokaci, bai fita ba, sai dai gefensa ya saki ya yi laushi. Na zura hijabi, na biya kemis na sayi safar hannu ta roba, na saka tun daga bakin layinsu.

"Hannu," in ji Yaya. Sai ta ga safar. "Wannan fa?"

"Sabulun wanki ya ci min hannu, duk ya yi ƙuraje. Na ce kar in taɓa miki kaya haka."

Ta dube ni, ta yi murmushi. "Ikon Allah. Yau Auta ta yi hankali. Aure dai mai gyara mutum."

Ɗakin fari ƙal, tayil har rabin bango, teburin ƙarfe a tsakiya, buhun fulawa da na sukari a kan katako, kowane an ɗaure bakinsa. Tun jiya ta gasa kek ɗin, saura haɗawa. Kowane hawa an yanka shi biyu, a shafa kirim a tsakani, a jera busasshen inabi a danna shi ya nutse, a mayar da rabin sama. Ta yi na ƙasa ina kallo. Sai ta dafe kai, ta ce kwalin da za a saka bai iso ba, bari ta je shago ta karɓo.

"Ki yi na tsakiya yadda kika ga na yi. Kar ki taɓa na sama."

Ɗakin da zafi, safar ta yi min yawa, gumi ya cika cikinta, inabin yana suɓucewa. Na waiga ƙofa. Na zare ta dama. Minti biyu ne, na ce wa kaina. Na shafa kirim, na jera inabi, na bi su ɗaya-ɗaya ina dannawa da manuniya, na ɗora rabin sama na daidaita. Na je famfo wanke hannu.

Manuniyata ta dama tsirara take.

Ba ɓantarewa ya yi ba. Gaba ɗayansa ya tafi, farcen ya fito fes kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Na duba cikin safar, babu. Na duba ƙasa, ƙarƙashin tebur, ramin famfo, hannun rigata, cikin kwanon kirim. Babu. Na juya na dubi kek ɗin, yana zaune lafiya lau, kirim yana leƙowa ta gefe.

Na ji ƙarar ƙyaure, na mayar da safar da sauri.

Yaya ta shigo da kwali, ta duba aikin ta ce ya yi. Sannan ta dube ni. "Lafiya? Kin yi zuru kamar kin ga gawa."

Ƙofa ta farko ke nan. Da na ce, Yaya, na yi ɓarna, da ta zage ni tas, ta ɗaga rabin saman, ta kwashe kirim, ta sake wani. Aikin rabin awa da zagin kwana biyu. Amma ta gama yabona yanzu-yanzu, ban so yabon ya koma ciki.

"Ba komai. Zafi ne."

Ina tsaye ta murza farin ƙullun sukari ta lulluɓe hawa ukun, ta jera furanni, ta rubuta gaisuwa ga Malama da shuɗi. Ni kuwa ina ta gaya wa zuciyata ai famfo ya bi.

Da na koma gida na shige banɗaki da reza. Sauran tara na kankare, da su da fatar farcen, har biyu suka yi jini. Na yanke su gajeru, na shafa mai.

Bayan la'asar muka tafi, ni da Umma da Yaya. Na saka doguwar riga ruwan ƙasa mai ɗinkin zare a wuya, mayafi ruwan madara, takalmi mara tsini, don Umma ta ce matar makaranta ba ta son rawar kai. An kafa rumfa a tsakar gida, kujerun roba sun kai hamsin, malamai mata sun cika gaba. Malama doguwa ce, gilashinta a rataye da sarƙa, in ta yi magana har na bayan rumfa sai ya gyara zama. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta ɗaga ni, ta dube shi.

"Yarinya mai gajeren farce. Haka nake so."

Na ce na gode, muryata kamar ta wata.

Injiniya yana can yana jera lemo. Ya dubi hannuna daga nesa, ya ɗaga gira, wato ina benen? Na kawar da kai.

Aka yi jawabai, aka yi addu'a, aka yanka kek. Mutane suna ci suna santi. Wata ta ce a nuna mata mai yin sa, Yaya ta miƙe tana raba katinta, Umma sai washe baki take yi. Hawa na sama ya ƙare lafiya. Aka shiga na tsakiya. Ni kuwa idona yana kan kowane faranti.

Shugabar makarantar tana zaune a bakin rumfa inda rana ta karkato. Ta kai cokali baki, ta tauna sau biyu, ta tsaya. Ta sa yatsu biyu ta zaro wani abu, ta goge shi da takardar goge hannu, ta ɗaga shi sama don ta gani da kyau.

Rana ta same shi.

Kore, shuɗi, ja, zinare, ya haska a tsakanin yatsunta har na bayan rumfa suka gani. Ga shi a lanƙwashe, mai faɗi ta gindi, mai zagaye ta baki. Babu mai buƙatar a gaya masa siffar mene ne.

"Farce!" wata ta yi ihu. "Farcen mutum a cikin kek!"

"Innalillahi!"

Faranti ya faɗi. Wata ta tofar da na bakinta a cikin mayafi, wata ta ƙwace na hannun 'yarta ta watsar, shugabar ta ruga bayan rumfa tana kakarin amai. Na ga wayoyi uku a sama suna ɗauka. Katin Yaya da aka karɓa yanzu, ga su a ƙasa ana takawa.

Malama ta saka gilashinta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ina mai kek?"

Yaya ta fito, ta miƙa hannuwanta biyu. "Malama, duba. Wallahi ban taɓa shafa jan farce ba tunda na fara sana'ar nan."

"Ai gogewa ta yi," wata ta faɗa daga baya.

"Wa ya taya ki aikin?" in ji Malama.

"Ƙanwata. Amma ita da safa ta shiga, da safa ta fita, ni shaida ce. Kar a sa ta a ciki."

Malama ta juyo gare ni. Umma ta juyo. Injiniya yana tsaye da kwalbar lemo a hannu, bai ko ƙifta ba.

"Haka ne, 'yata?"

Ƙofa ta biyu. Yayata tana tsaye a tsakiyar mata hamsin ana yi mata kallon ƙazama, ta sa jikinta ta kare ni.

"Haka ne," na ce.

Yaya ta durƙusa har ƙasa. "Daga ɗakina ya fito, ko ta ina ya shiga laifina ne. Ku yafe ni." Ta tattara sauran kek ɗin da hannunta ta zuba a kwali. Babu wanda ya taya ta. Har da ni.

Ina fita na hango Injiniya ya sunkuya ya ɗauki takardar da shugabar ta yar, ya naɗe ta ya saka a aljihu.

Kafin mu isa gida bidiyon ya zaga. Lahadi da safe mutum huɗu suka fasa aikin da suka ba Yaya, har da mai bikin da ta yi wata biyu tana shiryawa. Umma ta kwanta da ciwon kai tana cewa hassada ce, wani ne ya jefa. Injiniya bai kira ba. Sai da rana saƙo ɗaya ya shigo.

"Yaushe kika goge naki?"

Na rubuta, na goge, na rubuta. "Tun ranar Juma'a da yamma. Me ya sa?"

Ya karanta. Bai amsa ba. Litinin da hantsi ya turo: "Ki zo shago."

Shagon ɗan ƙarami ne, akwatin gilashi cike da matattun wayoyi, warin dalma, fanka tana juyawa a kan kanta. A kan teburinsa akwai madubin nan mai ƙara girma da yake duba cikin waya da shi, an haɗa shi da allo. Ya sallami mutumin da ke wurin, ya janyo min kujera. Bai tsokane ni ba, bai ce Hajiya Auta an iso ba kamar kullum.

Ya warware takardar, ya ɗauki abin da ɗan hantsaki, ya kafa shi ta gefe a ƙarƙashin madubin.

"Duba allo."

Na duba. Na ƙara matsowa. Gefen ɓawon ya cika allon kamar an yanka bango ana kallon cikinsa. Layi baƙi a ƙasa. Layi mai toka a kansa. Wani mai tokar kuma. A sama duwatsun zinare manya-manya.

"Ƙirga min," ya ce.

Na kawar da kai daga allon, sai ya ƙirga da kansa.

"Baƙi, holo, holo, zinare." Ya ajiye wayarsa a gabana, ga saƙona na ranar Juma'a, kalma da kalma. "Auta, naki ne?"

Ƙofa ta uku. Ku ji abin da bakina ya faɗa, ni kaina har yau mamakinsa nake.

"Ni kaɗai na sayi irinsa a garin nan? Ƙawata ta sayar wa mutum nawa. Wallahi na goge tun Juma'a."

Ya rufe ido da na ce wallahi, kamar na mare shi. Sannan ya ce, "Miƙo hannunki."

"Me za ka yi?"

"Miƙo."

Na ɗora hannun a kan tebur. Bai taɓa ni ba. Da hantsakin ya ɗauko ɓawon, ya gwada a yatsan tsakiya, ya yi kaɗan. Ya matsa kan manuniya, ya sake shi. Ya zauna ɗas. Farcen nan nawa ya ɗan karkace ta hagu tun ina yarinya, ɓawon ma ya karkace ta hagu. Ko iska ba ta da wurin shiga tsakaninsu.

Na fashe da kuka. "Tsoro na ji. Kar Malama ta ce..."

"Tsaya." Ya cire ɓawon ya mayar a takarda. "Kullum ana kawo min waya a ce haka kawai ta mutu. In ce ta faɗa ruwa? A ce a'a, wallahi. In mutum ya gaya min gaskiya, buɗe ta nake yi in busar, ta tashi. In ya yi min ƙarya na jona mata wuta, ƙonewa take yi, kuma ni ake zagi. Ɓawon farce a kek abin dariya ne, Auta. Da a wurin kika ce nawa ne, da Malama ta yi miki faɗa, bayan shekara muna ba da labari muna dariya. Amma na tsaya ina kallonki yayarki tana durƙushe."

"Zan gyara."

"Ki je ki gaya mata da bakinki. Yau, kafin la'asar. Ni na ga gaskiya, ba zan zauna a kanta ana zagin baiwar Allah ba."

Na fita ina share hawaye, da niyya mai kyau, Allah ya sani. Na isa gidan Yaya da azahar. Na same ta ta fito da komai tsakar gida. Buhun sukari a zazzage a kan tabarma, tana tankaɗe shi da rariya, hannu-hannu, tana neman inda abin ya fito. Idonta ya kumbura. Ta ce ta je ta yi wa mai kawo mata inabi rashin mutunci da safe, mutumin da suke hulɗa shekara biyar, har ya rantse mata ya kore ta daga shagonsa.

Na buɗe baki. Sai ta tashi ta rungume ni.

"Auta, ki yafe min. Ni ba kasuwar ce ta hana ni barci ba. Kar mutanen nan su fasa zuwa ranar Asabar saboda ƙazantata. Ya kira ki? Me ya ce? In ta kama in je in sake durƙusa wa Malama, zan je."

Ƙofa ta huɗu, a buɗe har bango. Kaina yana kan kafaɗarta, ƙamshin sukari a jikinta.

"Bai ce komai ba, Yaya."

Na ce bari ta ɗan huce. Na ce bari ta ci abinci tukuna. Na ɗauki rariya na zauna ina taya ta tankaɗe, ina neman abin da na san ba ya ciki. Aka kira la'asar ina ji. Na ce bari ta idar da salla.

Tana sallamewa muka ji mota ta tsaya a waje. Aka yi sallama. Malama ce, gilashi a rataye, Injiniya a bayanta ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba, ta je ta kama hannuwan Yaya biyu.

"'Yata, ni na zo neman gafara. An ci mutuncinki a gidana ina tsaye. Na kira shugabarmu na gaya mata, zan kuma bi sauran ɗaya-ɗaya."

Yaya ta dube ta. "Malama, gafarar me? An gano inda ya fito ne?"

Malama ta saki hannunta a hankali. Ta juyo ta dube ni, ta dubi rariyar da ke cinyata, ta dubi tulin sukarin.

"Ba ta gaya miki ba?"

Yaya ta bi idon Malama har ya sauka a kaina. Ta dubi fuskata. Sannan ta dubi hannuna, karo na farko tun ranar Asabar, ta ga faratan nan kankararru, babu ƙurji ko ɗaya a fatar.

"Safar," ta ce. Muryarta ba ta fita sosai. "Auta. Safar."

Ban ga ta yi kuka ba. Ta zauna a kan tabarma cikin sukarin, ta ce, "Awa uku kina taya ni nema."

Malama ta ce wa ɗanta su tafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ko waigo ba. "Shekara talatin da biyar yara suna fasa min gilashin taga. Wanda ya ce ni ne, ban taɓa dukansa ba. Ki gaya wa mahaifiyarki kar ta yi girkin baƙi ranar Asabar."

Yau kwana tara. Bari in lissafa muku, don wadda take ganin shiru ba ya cin komai.

Injiniya ya tafi. Na tura saƙo goma sha ɗaya, ya amsa ɗaya: "Na yafe miki, amma ba zan iya ba." Asabar ta zo ta wuce, kujerun da Umma ta sa aka wanke suna jingine a bango.

Yaya ta aiko an karɓi makullin gidanta da ke hannuna. Kasuwarta ta fara dawowa, don Malama ta cika alkawari, amma mai inabi ya ce ko a hanya kar ta gaishe shi, kuma bidiyon yana nan yana yawo da fuskarta, ba tawa ba. In na je gaishe ta, a falo take karɓata kamar baƙuwa, ta kawo min ruwa a kofin baƙi.

Umma ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Jiya na ce mata gishiri ya ƙare, sai da ta tashi ta buɗe gwangwanin ta duba da idonta.

Sai faratana tara, sun yi siriri kamar ɓawon albasa, ko ruwan ɗumi na taɓa sai na ji har ƙwaƙwalwa. Na nuna wa mai kemis, ya ce in yi haƙuri, nan da wata shida sababbi za su fito. Sauran ukun babu wanda ya yanka min lokaci.